Ruwan da ke ɗiga daga shodiyer ya cinye daɓe: kanwa za a sa ko dutse?

Habu Plombiye: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara, musamman wurin waɗanda suka taɓa aiki a waje. An kira ni wani masaukin baƙi nan cikin garin Damagaram. Suna da shodiyer na gaz, wato injin ɗumama ruwa, irin na ratayawa a bango, na hannu ne, ɗan mai gidan ya turo daga Beljiyam, wani ya haɗa musu kafin shigowar sanyi. Ruwan zafi yana zuwa ɗakuna da wurin wanki lafiya lau. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani siririn tiyon roba da ke ɗigar da ruwa duk lokacin da yake aiki. An bar shi yana ɗiga kan daɓe, ruwan ya gangara ya shiga tiyon galba, wato ƙarfe mai rufin tutiya, da ya tafi fos, ramin ruwan ƙazanta. Yanzu simintin wurin ya rarake, tsakuwar ciki ta fito tsirara, in ka sa yatsa sai yashi ya biyo ka. Galban ma ya yi tsatsa ya huje a gwiwa. Ruwan kuwa fari tas, ba wari. Yoyo ne daga ciki ko me?

Sani Mai Kilim: Wa alaikumus salam. Ai ruwan kilim ne wannan maigida, zufa ce kawai. Mu da muke tara shi a bokiti a ba shuka? Simintin ne ba shi da kyau, magini ya cika yashi.

Idi Magini: Kullum magini. Sani, ruwan kilim nawa ke ɗiga kan daɓe a garin nan shekara da shekaru, ka taɓa ganin ya huda galba a sanyi ɗaya?

Laminu Liyon: Yaya Habu, ba yoyo ba ne, haka aka ƙera shi. Duba jikinsa, in da rubutun Faransanci za ka ga an sa cewa mai kondansasiyon ne. Nan Faransa yanzu kusan duk wanda muke haɗawa irinsa ne. Ingila ta wajabta shi ga sababbin haɗi na gaz tun 2005, Tarayyar Turai kuma daga Satumban 2015 ta kafa ƙa'idar da ta kori yawancin tsofaffin daga kasuwa. Tsohon shodiyer hayaƙinsa da zafinsa yake fita. Wannan kuwa sai ya bi da hayaƙin ta jikin tiyon ruwan sanyi, ya tatse zafin, tururin da ke cikin hayaƙin ya koma ruwa. Shi ke ɗiga. Da zarar ruwan da ke shiga bai kai digiri 50 da ƴan kai ba, to zai yi ta zuba, ruwan pompo kuwa ko a Damagaram bai kai nan ba. Sani, bambancinsa da na kilim: naka daga iskar ɗaki ya fito, wannan daga wuta ya fito, ya kwaso asid.

Malam Isufu: Bari in ƙara kan abin da Laminu ya faɗa, tunda darasin da nake koyarwa ne a lise. Duk gaz da aka ƙona ruwa yake haifarwa da iskar kabon. Butan, wato gaz ɗin butel, kilo ɗaya yana ba da ruwa kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Ke nan butel mai kilo 12,5 in aka ƙone shi duka, tururin da ya fito ya kai lita 19, ko da yake ba duka injin ke kamawa ba. Tsamin kuma hanya uku yake shigowa. Iskar kabon ta narke cikin ruwan, wannan mai rauni ne. Zafin harshen wuta ya haɗa nitrojin da oksijin na iska, su ma su narke su zama asid mai ƙarfi. Sai ɗan sulfa da ke cikin gaz ɗin. A ma'aunin pH, 7 shi ne tsaka-tsaki, wannan ruwan yakan faɗa tsakanin 3 da 5. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato 4 ya fi 5 tsami sau goma.

Sani Mai Kilim: To Malam ai lemun tsami ya fi shi, kuma muna sha.

Malam Isufu: Ya fi shi, lemun tsami wajen 2 yake. Amma ba wanda ke matsa lemu kan daɓensa safe da yamma wata uku a wuri ɗaya. Siminti abincin asid ne, tutiyar da ke rufe galba ma haka.

Alhaji Ɗan Dole: Ku yaran nan kuna wahalar da kanku. Tun kakanninmu maganin tsami kanwa ne. Ku tambayi iyayenku mata me suke jefa wa yakuwa in ta yi tsami. Habu ka zo Kasuwar Dole gobe in ba ka ungurnu mai kyau ta Manga, ka jefa dunƙule ɗaya a bokiti, ka sa a ƙarƙashin tiyon. Magana ta ƙare, ba sai an aika Turai ba.

Habu Plombiye: Wallahi Baba Alhaji ni ma abin da ya fara zo mini ke nan.

Malam Isufu: Allah ya ƙara girma Alhaji, maganarka tana kan hanya, kanwa tana kashe tsami, ba musu. Inda matsalar take: kanwa ba ta san ta tsaya ba. Ko da tsami ko babu, in ta ga ruwa narkewa take. Dunƙulen da aka jefa da safe, ruwan farko zai fito da kanwa fiye da kima, pH ya haura 10, bayan ƴan kwanaki kuma ba sauran komai a bokitin sai laka, ruwan ya koma yadda yake. Sai a sami mai tsaron bokiti. Abin da ake so shi ne wanda ba ya narkewa sai asid ya taɓa shi, in asid ya ƙare shi ma ya tsaya. Dutsen kalker ke nan, wanda ake ƙonawa a yi siminti da shi. Shi ruwa in ya kai wajen 7 zuwa 8 sai ya ƙyale shi.

Alhaji Ɗan Dole: Wato dutse ya fi kanwa hankali.

Malam Isufu: A wannan aikin dai, ranka ya daɗe.

Alhaji Ɗan Dole: Ban yarda duka ba. Ungurnu ba gari ba ce, tauri gare ta, ba ta narkewa yadda kake faɗi. Amma ku ci gaba, ina ji.

Laminu Liyon: Abin da Malam ya bayyana shi ne ainihin abin da ake sayarwa nan. Ɗan akwati ne ko gwangwanin roba, a cika shi da tsakuwar kalker, wasu kamfanoni su gauraya da ƙwayoyin magnesiya don ya fi saurin aiki. Ba wuta, ba inji. Ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can. Kuma don kar a ce dole ne ko'ina: a Jamus ƙa'idarsu ta ce ƙaramin shodiyer na gaz ƙasa da kilowat 25 yawanci ba sai an sa ba, saboda ruwan sabulun gida yana gaurayuwa da shi a babban lambatu, sama da kilowat 200 kuma dole. Amma har ƙaramin, in ruwan zai shiga fos na gida, ko tiyon ba mai jure asid ba ne, to sai an sa. Wurinku kuwa duka biyun sun haɗu, ga galba ga fos.

Idi Magini: In dutse ne ai mun fi kowa. Garin nan kansa a kan dutse yake zaune, daga Birni har bayan gari. Gobe in sa yaro ya kawo maka baro guda na tsakuwa, Habu.

Malam Isufu: Idi tsaya! Duwatsun Zinder garanit ne. Ka jiƙa shi a ruwan nan shekara goma ba abin da zai canza, ruwan zai shiga da tsaminsa ya fita da tsaminsa. Wannan ya fi rashin sawa haɗari, don mai gida zai saki jiki ya ce an yi magani. Kalker sai can yamma, yankin Tawa, shi ya sa masana'antar siminti take Malbaza, haka ta Kalambaina a Sakkwato. Duk direban da ke bin babbar hanyar Ƙonni zai iya taho maka da rabin buhu. Ko ka leƙa wurin masu daɓen garanito, farar tsakuwar da suke sawa sau da yawa marbur ce, ita ma tana yi. Amma kar ka yarda da launi. Ɗauki ƙwaya ɗaya, ka kankare ta da ƙusa ta yi ɗan gari, ka ɗiga binegar ko ruwan lemun tsami a kai. In ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, ka kai kunne ka ji tana ƴar ƙara, ita ce. In ta yi shiru, a mayar wa mai ita.

Sani Mai Kilim: Alli fa? Ko filasta?

Malam Isufu: Filasta ba ta yi sam, yawancin allin allo ma danginta ne. Farar ƙasar shafe bango da toka kuma sun yi ƙarfi da yawa, ga toshe tiyo. Ɓawon ƙwai sinadarinsa ɗaya da kalker, amma yana dagargajewa, fatar cikinsa kuma ta ruɓe ta yi wari.

Hajiya Mariyama: Salamu alaikum. Ni ce mai masaukin, Malam Habu ya sa aka shigo da ni don in ji da kunnena. Na gode muku. Tambayata ɗaya ce. Kun san halin ruwa a garin nan, wani lokaci sai mu kwana muna jiran pompo, mu ƙare wurin ƴan garuwa. Ruwan nan in an kashe tsaminsa, ba za a iya tara shi a yi wanki ko a ba tumaki ba? Zubar da ruwa a Damagaram yana yi mini ciwo.

Laminu Liyon: Hajiya ina wuni. Don Allah kar a ba dabba, kar a yi alwala ko wanke-wanke da shi. Dutsen tsami kawai yake kashewa. Ruwan ya wanko cikin injin, yana ɗauke da burbushin ƙarfe da abin da hayaƙi ya bari, dutse ba ya cire waɗannan.

Zainabu Mai Lambu: Hajiya, ko lambu ban ba ki shawara ba, ban da salati, ban da tumatir, ban da duk abin da za a ci. In kina da dogon yaro a tsakar gida, bayan an bi da shi ta dutse, to wannan da sauƙi. Kuma ki lura da lissafin Malam: butel babba guda ko bidon ɗaya ba zai cika miki ba. Ba ruwan da za a yi rigima a kansa ba ne. Sannan Baba Alhaji, ka yi haƙuri, in da kanwa aka kashe shi ko bishiyar ba zan ba ba. Gishirin kanwa yana kashe ƙasa, ka dubi bakin tafkunan da ake haƙo ta, me ke tsirowa a wurin?

Alhaji Ɗan Dole: Ƴata ke ma kin koma bayansu.

Musa Mai Sola: Ni fa duk muhawarar nan mamaki take ba ni. Garin da rana ke dafa ƙwai, a ce ana ƙona gaz don ruwan wanka, har ana neman dutse daga Malbaza? Hajiya ki sa na rana a kan rufi ki huta. Ba gaz, ba asid, ba kanwa.

Hajiya Mariyama: Malam Musa ka zo da asuba a watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari kwana da kwanaki, baƙi takwas suna son wanka lokaci guda, ga zannuwan gado na jira. Kuma abin nan kyauta ɗana ya aiko, yana bango, yana aiki.

Musa Mai Sola: A haɗa biyun mana, na rana ya fara ɗumamawa, gaz ya ƙarasa. Ko kuɗin butel ya ragu.

Laminu Liyon: Wannan shawara ce mai kyau, ana yi, amma sai an sa abin gauraya ruwa kafin shiga injin, don ruwan sola da rana tsaka yana iya fin abin da zai ɗauka. Mu ajiye ta wata rana. Yaya Habu, ga yadda zan yi in ni ne, da kayan da ke kasuwarku. Sami tiyon PVC mai faɗin milimita 100 ko 110, tsawon kamar rabin mita, da murfi mai zare a sama don a riƙa buɗewa. Ka tsayar da shi a ƙasa, ka ɗaure shi da bango. Ruwa ya shiga ta ƙasa, ya fita ta sama, don ya ratsa dutsen duka ya ɗan jima ciki. In ka sa mashiga da mafita duka a ƙasa, wucewa kawai zai yi. Tsakuwar ta zama kamar girman ƙwayar gyaɗa zuwa dabino, ka wanke ta sosai, kar gari ya shiga. Babban abin kiyayewa: mafitar gwangwanin dole ta kasance ƙasa da inda ruwa ke fitowa daga shodiyer. In ta fi shi tsawo, ruwa zai koma cikin injin, ya kashe kansa, wani lokaci ya ɓata fanka. Tiyo duk na roba, ban da galba, ban da jan ƙarfe, da gangare aƙalla santimita 3 a kowace mita, kar ya yi ciki a tsakiya. Kuma kar ka manne tiyon injin da na gwangwanin da gam. Bar shi ya zuba cikin ɗan mazurari, da ƴar tazara, yadda ranar da ya toshe za a ga ruwa a ƙasa maimakon ya hau sama.

Habu Plombiye: Fos ɗin yana da ɗan nisa. In na haƙa rami nan kusa fa?

Laminu Liyon: Ana yi. A Ingila inda ba lambatu kusa, rami suke yi su cika shi da tsakuwar kalker, aƙalla rabin mita daga ginin.

Idi Magini: Rabin mita na gidan Turawa ne. In katangar ta ƙasa ce, ko tushen bai yi zurfi ba, ka ba ta mita biyu ko fi. Na ga abin da ɗigon pompo kaɗai ke yi wa gindin katanga a Birni. Daɓen kuma kar a shafa sabon siminti a kai haka nan, a sassaƙe wanda ya ruɓe har a kai mai ƙarfi, a wanke, sannan a zuba.

Laminu Liyon: Akwai abin da ya fi daɓen damuna, shi ne sifon. A cikin injin, daidai inda ruwan ke fita, akwai ɗan kofi da ke riƙe ruwa kullum. Ruwan nan shi ke hana hayaƙi biyo tiyon ya shigo ɗaki. Nan wurinmu matsalarmu ƙanƙara ce, tiyon waje ya daskare. Ku taku bushewa ce. In an kashe injin tun Maris har Nuwamba, zafin Afrilu da Mayu zai shanye ruwan kofin ƙaf. Ranar da aka kunna, hayaƙi zai fito ta nan kafin ya sake cika, kuma iskar da ke kisa ba ta da wari. Kafin kunnawar farko kowace shekara a kwance kofin, a wanke, a cika shi da ruwa, a mayar. Sannan ka ɗauko mini hoton farantin bayanan da ke jikinsa. A Beljiyam yawanci gaz na bututu suke amfani da shi, G20, a da har da G25. Propan G31 ne, butan G30. Abin da ke cikin butel ɗinku ba na bututu ba ne, in wanda ya haɗa bai canza saitin ba, wutar ba ta ci daidai, kuma akwai injinan da kamfaninsu ya yarda da propan kaɗai ban da butan.

Habu Plombiye: Gobe da safe in sha Allah zan turo. A baranda yake, ba cikin ɗaki ba, ko da wannan an rage.

Hajiya Mariyama: To in an haɗa shi ke nan, ko sai an riƙa dubawa? Ku faɗa mini abin da yarona zai iya da kansa, ba kullum a kira Malam Habu ba.

Malam Isufu: Sai an duba Hajiya, dutsen yana ƙarewa a hankali, wani farin laka kuma yana taruwa a ƙasa ya rufe shi. Ma'auni na gaskiya takardar pH ce, ƴar siririya mai canza launi, a tsoma ta a ruwan da ke fita. In ya sauka ƙasa da 6,5 a ƙara dutse. Zan ba Habu ƴan ƙwayoyi. In babu ita, ga dabarar da nake nuna wa ɗalibai: jiƙa zoɓo, a tsarma shi sosai har ya zama ja-ja mai haske, a zuba kofi biyu. Ɗaya a ƙara ruwan da ke shiga gwangwanin, ɗaya wanda ke fita. Mai tsami zai tsaya ja garau, wanda ya ratsa dutse zai dushe ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. In kofunan biyu launinsu ɗaya, dutsen ba ya aiki. Ba ta ba da lamba, tana dai nuna akwai matsala.

Laminu Liyon: Mu nan sau ɗaya a shekara muke buɗewa, lokacin duba injin. Tunda naku haɗin hannu ne, a shekarar farko a duba duk wata, a ga yadda yake ci. Ranar wanki a kashe injin, a juye tsakuwar a bokiti, a ɗauraye, a zubar da wadda ta zama gari, a cika da sabuwa. A sa safar hannu, a kiyaye ido. Da harmatan kuma a rufe bakin mazurarin da ɗan raga, ƙura da kyankyasai suna toshe shi.

Alhaji Ɗan Dole: To kafin dutsenku ya iso daga Malbaza fa? A bar shi ya ci gaba da cin daɓe?

Malam Isufu: A nan kam ka yi nasara Alhaji. A sa bokitin roba a tara, in ya kusa cika a jefa ƴar kanwa kaɗan, a motsa, a gwada da zoɓo, a zubar nesa da gini da shuka. Na ƴan kwanaki ya yi.

Alhaji Ɗan Dole: Habu, ina rumfa daga ƙarfe tara. Ka zo da bokitinka.

Habu Plombiye: Zan biyo Baba. Idi, kai kuma ka tambayar mini masu garanito ko suna da farar tsakuwa, zan zo da lemun tsamina.

Sani Mai Kilim: Ni dai a gwada na kilim ma da zoɓon nan, mu gani.